Gidan Citta Na Kirsimeti: Yadda Ake Gina Shi Ba Tare Da Fulawar Alkama Ba

A birnin Bergen da ke gaɓar teku a yammacin ƙasar Norwe, tun daga shekarar 1991, da zarar Nuwamba ya raba tsakiya akan buɗe wani ƙaramin gari wanda ba a sa bulo ko siminti wajen gina shi ba. Gidajensa da majami'unsa da gadojinsa da jiragen ruwansa duk na biskit ne, waɗanda 'yan makarantun reno da na firamare da iyalai da ma'aikatan kamfanoni suka gasa, suka liƙe da sukari, suka kawo. Mutanen birnin na kiransa Pepperkakebyen, kuma yakan kasance a buɗe har shekara ta ƙare. Can a Amurka ma, tun zamanin Shugaba Richard Nixon, masu girkin Fadar White House ba sa barin Disamba ya wuce ba su kafa irin wannan gida a cikin fadar ba.

Waɗannan na kallo ne. Gidan da ya fi muhimmanci ga yaran ƙasashen Turai da Amurka shi ne ƙaramin da ake ginawa a kan teburin cin abinci, wanda bai fi kwalin takalmi girma ba. Bangonsa da rufinsa biskit ne mai tauri da aka kwaɓa da citta da kirfa da kanumfari da zuma, kuma yara ne ke yi masa ado da alewa. Jamusawa na ce masa Lebkuchenhaus. Da Hausa, gidan citta ya wadatar. A ƙarshen bukukuwan Kirsimeti akan farfasa shi a cinye. A Suwidin har rana gare shi, 13 ga Janairu, ranar da ake sauke kayan adon biki, a miƙa wa yara ƙaramar guduma.

Sai dai kuma wannan rana ta fasa gida ba ta kowa ba ce. Kusan duk gidan citta da fulawar alkama ake yin sa, alhali kimanin mutum ɗaya cikin ɗari a duniya yana ɗauke da cutar siliyak, wadda ke mayar da alkama abin cutarwa ga hanjinsa. Yaron da ke da ita zai iya taya 'yan'uwansa liƙa alewa a rufi, amma idan aka zo rabon ganima sai ya koma ɗan kallo. Dalilin da ya sa iyaye da masu gashi suka daɗe suna neman hanyar gina gidan ba tare da alkama ba ke nan. Aikin kashi biyu ne: a samu bangon da zai tsaya da ƙafarsa, sannan a tabbatar babu ko ɓurɓushin alkama da ya kutsa cikinsa. Mutane sun fi jin tsoron na farko, amma na biyun ne ya fi kayar da su.

Daga tatsuniya zuwa tebur

Biskit ɗin zuma da kayan ƙamshi ya girmi gidan da ƙarnoni. Birnin Nuremberg na Jamus ya yi suna da shi tun tsakiyar zamanai, saboda yana kan mahaɗar hanyoyin fataken kayan yaji, ga kuma dazuzzukan da ke kewaye da shi cike da masu kiwon zuma. A 1643 masu gasa shi suka samu izinin kafa ƙungiyar sana'arsu ta kansu.

Gidan kuwa a ƙarni na 19 ya bazu, bayan da 'yan'uwan nan biyu, Jacob da Wilhelm Grimm, suka buga tarin tatsuniyoyinsu a 1812. A cikinsu akwai ta Hansel da Gretel, yaro da yarinya da iyayensu suka yasar a daji saboda yunwa, suka yi ta yawo har suka ci karo da wani gida na burodi mai rufin kek da tagogin sukari, ashe tarkon mayya ne. Abin da ya ƙara ɗaure tatsuniyar da Kirsimeti shi ne wasan waƙe da Engelbert Humperdinck ya tsara a kanta, wanda aka fara nunawa a birnin Weimar ranar 23 ga Disamba, 1893. Jamusawan da suka yi ƙaura zuwa Amurka suka tafi da al'adar.

Akwai wani abin lura a Nuremberg ɗin. Nau'in biskit ɗinsu mafi daraja, Elisenlebkuchen, ƙa'idarsa ita ce kada fulawa ta wuce kashi 10 cikin 100, ƙwayoyi irin su almon kuma kada su gaza kashi 25. Wasu masu gashin ma ba sa zuba masa fulawa sam. Amma a al'ada ana ɗora shi ne a kan wani siririn faifai fari da aka yi da alkama, saboda haka mai siliyak da ya ji an ce “babu fulawa” ya saki jiki, ya faɗa rami. Irin wannan tarko zai sake bayyana nan gaba.

Likitan da yunwa ta tabbatar wa zato

Likitoci sun daɗe da sanin cutar kafin su san sanadinta. Samuel Gee, wani likita a Landan, ya bayyana alamominta dalla-dalla a 1888, ya kuma yi hasashen cewa maganinta na cikin abinci. Wanda ya gano abincin shi ne Willem-Karel Dicke, likitan yara a birnin Hague na ƙasar Holan. Tun shekarun 1930 yake zargin alkama. A hunturun 1944 zuwa 1945, sojojin Jamus da suka mamaye ƙasar suka toshe hanyoyin abinci zuwa yammacinta, burodi ya ɓace, mutane suka koma cin saiwar furanni, dubbai suka mutu. A cikin wannan bala'i Dicke ya ga abin mamaki: yaran asibitinsa masu siliyak sun fara murmurewa. Da burodi ya dawo, sai ciwonsu ya dawo tare da shi. A 1950 ya gabatar da kundin bincikensa a Jami'ar Utrecht, kuma ba da jimawa ba shi da abokan aikinsa suka nuna cewa sinadarin gulutin ne mai laifin.

Gulutin furotin ne da ke cikin alkama da sha'ir da wani hatsin ƙasashen sanyi da ake kira rayi. Idan mai siliyak ya ci shi, garkuwar jikinsa kan auka wa bangon ƙaramin hanjinsa, ta lalata ƙananan tsirai masu kama da gashin tawul waɗanda ke tsotse amfanin abinci. Sakamakon shi ne gudawa da kumburin ciki da ƙarancin jini da raunin ƙashi, ga yara kuma tsumburewa. Wasu ba sa jin komai a ciki, amma ɓarnar na gudana. Har yau babu wani magani face ƙaurace wa gulutin tsawon rai.

Kuskure ne a ɗauke ta cutar Turawa. Wani bincike da aka buga a mujallar likitanci ta Lancet a 1999 ya gano ta a jikin kashi 5.6 cikin 100 na yaran Sahrawi na Yammacin Sahara da aka gwada, adadin da ya ninka na Turai sau da yawa. Haka kuma bai kamata wanda ke zargin yana da ita ya daina cin alkama kafin ya je asibiti ba, domin gwajin jinin na neman alamar faɗan da jiki ke yi da gulutin ne. Idan aka janye gulutin, alamar kan dushe, gwaji ya nuna lafiya lau. Ga wanda kuma ba shi da cutar, cire alkama daga gidan citta ba zai mayar da shi abincin lafiya ba. Sukari da bota suna nan daram.

Abin da ake rasawa idan aka cire alkama

Duk wadda ta taɓa murza fulawar cincin ta san yadda kwaɓin ke miƙewa ya yi faɗi ba tare da ya yage ba. Ta kuma san garin dawa ko na shinkafa ba zai taɓa yin haka ba. Bambancin shi ne gulutin. Idan ruwa ya taɓa fulawa aka murza, furotin iri biyu da ke cikinta kan sarƙe su zama kamar raga, su riƙe sauran kayan. Aikinsu a kwaɓi ya yi kama da na ciyawar da magina ke tattakawa cikin laka don kada tubali ya tsage.

Burodi ba ya yiwuwa cikin sauƙi sai da wannan raga, domin ita ke tare iskar da ke kumbura shi. Amma bangon gidan citta ba a son ya kumbura. Ana son sa shimfiɗe, mai tauri, mai kusurwa daidai. A nan rashin gulutin ma yana da alfanu: kwaɓin alkama yakan ja da baya bayan an yanka shi, bango ya fito a karkace, yayin da kwaɓin da babu gulutin yakan tsaya yadda aka yanka shi. Kuma ana iya tattara ragowarsa a sake murzawa sau uku ko huɗu ba tare da ya yi jijiya ba. Rauninsa a wuri biyu yake: yana ɗanye ba ya jure ɗagawa, yana da zafi kuma ba ya jure taɓawa. Dukkan dabarun da ke tafe na kauce wa waɗannan lokuta biyu ne.

Gari ɗaya ba ya maye gurbin fulawa, sai an haɗa. Garin shinkafa ke ba da tauri, amma shi kaɗai yakan yi ƙasa-ƙasa a baki ya kuma farfashe. Garin farar dawa ke kawo ɗanɗano da launi mai kama da na alkama, shi ya sa kamfanonin Amurka da Turai ke saka shi cikin haɗin garin da suke sayarwa da tsada, ko da yake a nan abincin yau da kullum ne. Sitacin rogo na ci, ba garin kwaki ba, shi ke kawo danƙo. Sai kuma madadin ragar kanta, wato wata hoda da ake kira zantan, wadda ake samu daga wasu ƙwayoyin bakteriya idan aka ciyar da su sukari. Masana a wani ɗakin bincike na Ma'aikatar Noman Amurka ne suka samar da ita wajen shekarar 1960, ƙarƙashin jagorancin Allene Jeanes. Kaɗan ake sawa. Idan ta yi yawa kwaɓin yakan yi yauƙi kamar miyar kuɓewa, kuma ba zai bushe da kyau ba. Wanda ya sayi haɗaɗɗen gari na kanti ya duba jikin ledar. Idan da zantan a ciki, kada ya ƙara.

Kwaɓi da gashi

Ga gida matsakaici, ana buƙatar garin shinkafa giram 200, garin dawa giram 130, sitacin rogo giram 120, zantan ƙaramin cokali ɗaya da rabi, garin citta babban cokali ɗaya, kirfa ƙaramin cokali biyu, kanumfari rabin ƙaramin cokali, gishiri rabin ƙaramin cokali, da bakar hoda rabin ƙaramin cokali. Sai bota giram 110, jan sukari giram 120, zuma giram 150, da ƙwai babba guda ɗaya. Mazarƙwaila da aka daka ta yi laushi tana iya tsayawa a madadin jan sukari, kuma takan ba bangon launin da ake so. A auna da sikeli, ba da kofi ba, domin kofin garin shinkafa da kofin sitaci ba nauyinsu ɗaya ba. Garin shinkafar da aka niƙa don tuwo ya cika tsaki. Sai an tankaɗe shi sau biyu da lallausar rariya.

Game da citta, mai gashi a Najeriya ya fi na Jamus sa'a. Cittar da ake nomawa a kudancin Kaduna, a yankunan Kachia da Jaba da Kagarko, tana cikin waɗanda ake fitarwa zuwa Turai saboda zafinta da yawan manta. Wadda aka daka sabuwa ta fi ta kwalba ƙarfi nesa ba kusa ba, don haka idan yara ne za su ci, kada a tsallake cokali ɗaya.

Za a ga bakar hodar ba ta da yawa, kuma da gangan ne. Biskit ɗin ci ana so ya tashi ya yi laushi. Na gini kuwa duk tashin da ya yi rauni ne. Haka zuma: tana janyo damshi daga iska, wanda shi ya sa biskit ɗin Nuremberg ke ƙara laushi idan ya kwana biyu. Wannan abin yabo ne a faranti, abin tsoro ne a rufin gida. Kada a yi mata hannun kyauta.

A narkar da bota da sukari da zuma a wuta kaɗan-kaɗan, a sauke, a bari su huce har ɗan yatsa ya iya jurewa, sannan a fasa ƙwai a juya. A haɗa busassun kayan a wani kwano, a gauraya su sosai don zantan ya bazu, a zuba cikin ruwan a tuƙa har ya haɗe. Zai yi taushi fiye da kwaɓin fulawa, kuma a nan ne mutane da yawa ke kuskuren ƙara gari. Haƙuri ake yi. A naɗe shi a leda a sa a firji na aƙalla awa biyu, ko ya kwana. A wannan hutu ne garin shinkafa ke shan ruwa, ƙasa-ƙasan ya ragu, kwaɓin ya yi ƙarfi.

Kafin nan a yanka taswirar gidan a kwali. Gaba da baya: faɗi santimita 12, tsawon bango 10, ƙololuwar tsakiya 16. Gefe biyu: 14 da 10. Rufi biyu: 16 da 10. Yana da kyau a fara haɗa kwalayen da salatif a ga sun zauna, domin gyaran kwali ya fi gyaran biskit arha. Mai farawa kada ya yi kwaɗayin bene ko hasumiya.

A murza kwaɓin tsakanin takardun gashi biyu har kaurinsa ya kai milimita 6. Sanduna biyu masu wannan kauri, ɗaya a kowane gefe, za su hana abin murzawa nutsewa. Sai babbar dabarar: ba a ɗaga bangon da aka yanka. A ɗora kwali a yanka da wuƙa mai kaifi, a cire ragowar da ke kewaye, a bar bangon a inda yake, a ja takardar gaba ɗaya zuwa kan tiren gashi. Ƙofa da tagogi ma a lokacin ake yanke su, kuma a bar aƙalla santimita biyu tsakanin taga da bakin bango. A mayar da tiren firji na minti 15, sannan a gasa a obin mai zafin digiri 170 na minti 16 zuwa 20, har gefuna su yi duhu, tsakiya ta daina lotsawa. Obin ɗin gas yakan fi zafi ta baya, saboda haka a juya tiren idan an yi rabin lokaci.

Mai son tagar gilas sai ya daka alewa mai tauri ya cika ramin tagar da ita ana saura minti biyar a sauke. Za ta narke ta daskare garau.

Da fitowarsa, tun yana da zafi, a sake ɗora kwalin a kai a datse duk inda ya bazu. Minti biyu ko uku kawai ake da su kafin ya yi tauri. Daga nan kada a sake taɓa shi har ya huce sarai a kan tiren, kuma gara ya kwana a shimfiɗe. Idan da safe tsakiyar bango na da sauran taushi, a mayar da shi obin a digiri 120 na minti 15. Ɗan ƙonewar gefe ba laifi ba ce; rashin gasuwa ne ke rusa gida.

Siminti da haɗa gini

Simintin gidan citta farin ƙwai ne da garin sukari mai laushi. A buga farin ƙwai biyu har ya yi kumfa, a riƙa zuba garin sukari giram 450 kaɗan-kaɗan, a ɗiga rabin ƙaramin cokalin ruwan lemon tsami, a ci gaba da bugawa har idan aka ɗaga cokali tsinin ya tsaya bai lanƙwashe ba. Kwanon ya kasance babu maiƙo, kuma kada ko ɗigon gwaiduwa ya faɗa. Yana bushewa da sauri, don haka a rufe kwanon da jiƙaƙƙen tsumma. Tunda ba a dafa shi, gidan da ƙananan yara ko mai juna biyu za su ci, gara a yi amfani da garin farin ƙwai na kanti wanda aka riga aka kashe ƙwayoyin cutarsa. Wasu kan liƙa bango da narkakken sukari saboda yana kamawa nan take, amma zafinsa ya haura digiri 150, kuma yana manne wa fata. Ba aikin da za a yi yara na zagaye da tebur ba ne.

A zuba simintin a leda mai kauri a yanke kusurwarta. Ado mai wuya, irin zanen ƙofa da gefen taga, a yi shi tun bangon na kwance. Sannan a samu katako ko kwali mai kauri a matsayin harsashi, a zizara siminti a ƙasan bangon gaba da na gefe ɗaya, a tsayar da su, a tokare da gwangwanayen madara ciki da waje. A bi da sauran biyun, a ƙara siminti a kusurwoyin ta ciki inda ido ba ya gani. Sai a tafi a bar shi awa uku ko huɗu. Gaggawar ɗora rufi ita ce ta fi kowane abu kashe gidan citta, na alkama ne ko ba na alkama ba. Idan an ɗora rufin, a riƙe shi da hannu na 'yan mintuna, a tokare bakinsa ta ƙasa, a bar shi ya kwana kafin a ɗora masa nauyin alewa. Ke nan aikin na kwana uku ne, kuma wanda ya fara shi ranar jajibiri ya makara.

Idan bango ya karye, ba a zubar da shi. A kwantar da shi a haɗa da siminti, a liƙa masa guntun biskit ta baya kamar yadda ake ɗaure karaya, a rufe tsagar da ado ta gaba.

Inda alkama ke shigowa ta bayan gida

Ma'aunin da hukumar Codex Alimentarius ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da shi, wanda Tarayyar Turai da Amurka ma ke bi, shi ne kada abincin da aka ce babu gulutin a cikinsa ya ƙunshi fiye da miligiram 20 a kowane kilo. Kimanin kashi 10 cikin 100 na nauyin fulawa gulutin ne. Idan aka yi lissafi, rubu'in giram na fulawa, abin da bai kai a tsinka da yatsu biyu ba, ya isa ya tsallakar da kilo guda na kwaɓi daga wannan iyaka. Wuta kuma ba ta kashe gulutin, domin ba ƙwayar cuta ba ce.

Saboda haka dawa da shinkafa, duk da cewa a halittarsu babu gulutin, ba su kuɓuta ba sai an san hanyar da suka biyo. Injin niƙan unguwa da ya niƙa alkamar alkaki da safe, ya karɓi dawa da rana, ya riga ya gauraya su. Mudun da ake aunawa a kasuwa da buhun da aka taɓa zuba fulawa su ma haka. Mafita ita ce a tsince hatsin da hannu, a wanke, a shanya, a niƙa a gida da na'urar da ba ta taɓa ganin alkama ba, ko a sayi garin da aka rubuta tabbaci a jikinsa. A ɗakin girki, rariya da muciya da katakon murza fulawa duk suna riƙe gari a cikin tsagoginsu, wanki ba ya fitar da shi duka. Gara a ware sababbi. Ƙurar fulawa kuma takan tashi ta sauka a kan duk abin da ke buɗe, don haka ranar da ake cincin da kek ɗin biki ba ranar gidan citta ba ce.

Sai kayan ado, inda aka fi yin sakaci bayan an gama wahala. Biskit ɗin wefa da ake jerawa a matsayin kwanon rufi na alkama ne. Baƙar alewar nan mai danƙo da ake kira likoris da fulawa ake yin ta. Cakulan mai malt a ciki daga sha'ir aka samo malt ɗin, haka ma galibin kwanflas. Ko garin sukarin simintin, a wasu ƙasashe akan haɗa shi da sitacin alkama don kada ya dunƙule. Dokar Tarayyar Turai ta tilasta a fito da sunan duk hatsi mai gulutin ɓaro-ɓaro a jerin kayan haɗi. Ta Amurka kuwa alkama ta tilasta a ambata a matsayin abin gargaɗi, ban da sha'ir da rayi. Don haka rubutun “babu alkama” da “babu gulutin” ba abu ɗaya ba ne, kamar dai yadda faifan Nuremberg ya nuna.

Abin da ya fi sauƙi shi ne a yi ado da abin da aka san asalinsa. Kwakwar da aka goga ta fi komai kama da dusar ƙanƙara. Ɓarin gyaɗa soyayya na yin rufi mai kyau, dabino da zabibi na yin dutsen hanya, tuwon madara da aka yi a gida na yanko kamar bulo, muddin babu mai rashin jituwa da gyaɗa ko madara a cikin masu ci. A gidan da wasu ke cin alkama wasu ba sa ci, wasu iyaye kan gina gida biyu. Wannan ba dabara ba ce. Hannun yara ba ya sanin iyaka, kwanon alewa ɗaya ne, kuma guduma ɗaya za ta fasa su. Gida ɗaya marar gulutin ga kowa ya fi aminci, kuma da wuya wani ya gane bambanci a baki, tunda citta da kirfa sun rufe komai.

Babban abokin gabar gidan bayan an gama shi damshi ne, wanda ke sa bango ya yi laushi, tagar alewa ta fara zuba. Iyalan da ke bikin Kirsimeti a Jos ko Kaduna ko Abuja hunturu ya rage musu wannan damuwa, domin busasshiyar iskar Disamba na ƙara wa ginin ƙarfi. Na Legas da Fatakwal sai sun nemi wuri mai sanyi da bushewa, nesa da tururin girki. Firji ba wurinsa ba ne, domin da an fito da shi zai yi gumi. Abin da hunturu ke kawowa shi ne ƙura, don haka da dare a kifa masa babban kwano ko kwali mai tsabta. Kiyashi kuwa, a ɗora harsashin a kan kofi, a tsayar da kofin cikin faranti mai ruwa.

Gidan da za a ci kada ya wuce mako guda zuwa kwana goma a tebur. Ragowar kwaɓin, wanda yakan kai giram 200, a murza shi ya fi na bangon siranta, a yanka ƙananan taurari da mutum-mutumi, a gasa na minti 10, a ajiye a gwangwani mai murfi. Su ne za a riƙa miƙa wa yaran da suka ƙosa, don kada su fara ɓantarar rufi kafin ranar guduma.